Igiyar da Shef Idi Ya Kwance

Ko tsufa ya kwashe mini duk sauran ranakun aiki, ban ga yadda zai kwashe ranar da Shef Idi ya kwance igiya a kan ƙanƙara ba. Ku da kuka zo sarwis ɗin kiwo na Dakoro, wato ma'aikatar kula da dabbobi, bayan ya ajiye aiki, hotonsa kawai kuka sani, wanda ke rataye a biro, wato ofishinmu. Ni na yi aiki a ƙarƙashinsa tun ina ɗan sabon shiga, ina riƙe wa manya sirinji a wurin allurar shanu. Shef de sarwis yake, wato duk wakilan kiwo na garuruwan da ke kewaye, su Korahane, su Mai Yara, su Rumbu, a hannunsa suke karɓar umarni. Ni kuwa ƙaramin ma'aikaci ne mai bin ruga-ruga da akwatin magani.

Sai kun san halinsa za ku gane labarin. Dogo ne, mai magana a hankali, mahaifiyarsa Bafulatana ce, kuma kunyarta duka shi ya gada. Ban taɓa ganinsa yana tauna ko gyaɗa a bakin hanya ba. In muna rangadi ya ɗauki buta, tafiya yake yi har sai tudu ya shanye shi. Direbanmu kan kashe mota ya ce, "Ku shimfiɗa tabarma, Shef ya tahi kewayawa har garin Tawa." Duk shekarun da muka yi tare, ban taɓa sanin wace bishiya ce ta ɓoye shi ba.

Wata shekara, a watan Yuni, ana zuba ido ga ruwan shuka, wata ƙungiya mai aiki da makiyaya ta gayyaci mutum biyu daga sarwis ɗinmu zuwa ƙasar Suwis, mu ga yadda makiyayansu ke kai tumaki kiwon bazara a kan duwatsu. Shef ya zaɓe ni saboda Faransancina na gudu, kuma ba na ƙorafin ɗaukar jaka. Mun ga wuraren tatsa, mun ga inda ake yin cuku, duk lafiya. A kwanakin ƙarshe aka ce za mu bi burtalin tumakin da ƙafa, kafin garken ya bi. Da na ji an ce burtali na yi murna, na ce wannan kam gida ne. Ashe nasu burtalin ta kan kogin ƙanƙara ya bi, sannan ya haura wata mashiga tsakanin duwatsu biyu.

Bari in yi muku bayanin kogin ƙanƙarar nan. Dusar ƙanƙara ce ta shekaru aru-aru ta taru a kwari ta daskare, tana gangarowa a hankali yadda ido ba ya gani. Garin gangarowar sai ta tsattsage, tsagar kuma ta yi zurfi. Sabuwar dusa ta zo ta rufe bakin tsagar da ɗan siririn murfi, ka ga fili fari tas, ba ka san inda ƙasa take ba, ba ka san inda rami yake ba. Shi ya sa ba a hawa sai da jagora mai takardar aikin, kuma ba a tafiya sai a ɗaure. Kowa zai sa hular kwano da ɗamara mai kama ƙugu da cinyoyi, da zoben ƙarfe a gaba. Igiya ɗaya ce doguwa, kowa ya maƙala zobensa a jikinta da ƙugiya mai makulli. In ɗaya ya rufta, nauyin sauran ne zai tsayar da shi.

Jagorarmu mace ce, Madam Silbi, gajera, ba ta da yawan dariya. Na huɗunmu wani ƙaton makiyayi ne mai suna Piyer, wanda tumakinsa ne za su bi hanyar. Mun wuni muna hawa zuwa wani ɗakin dutse da matafiya ke kwana a ciki. Tun a nan na san mun shigo wata duniya. Ni da nake kokawa da bijimi a wurin allura, na koma ina tsayawa ina haki kamar tsoho, kaina yana sarawa, saboda iskar can sama ba ta cika ƙirji.

Da la'asar Madam Silbi ta zaunar da mu ta faɗi dokokinta. Ta ce mu sha ruwa da shayi da yawa, don ƙarancin ruwa a jiki shi ke ƙara ciwon tudu. Ta ce daga lokacin da muka taka ƙanƙara har mu sauka, ba mai cire ƙugiyarsa ko da me. Sannan ta ƙara, ba ko kunya, "Wanda fitsari ya kama, ya yi a nan inda yake tsaye, a ɗaure. Sauran za mu juya baya."

Shef ya fi ni jin Faransanci, amma da muka fita alwala sai ya tambaye ni.

"Sale, mi matar ga ta ce game da kewayawa?"

"Ta ce nan inda mutum yake, Shef."

"Gabanta?"

"Ta ce za ta juya baya."

Ya dubi butar robar da aka ara mana. "Allah shi kyauta," ya ce.

Da asuba ya so ya ƙi shan komai. Madam ta tsaya a kansa har ya shanye kofi biyu, ta kuma cika wa kowa tarmos, wato filas, da shayi mai na'ana'a. Da aka zo ɗaura igiya ya roƙi a sa shi a ƙarshe. Na ɗauka halin makiyayi ne, mai son ganin garke a gabansa. Madam ta ga ƙafarsa ba ta rawa, ta yarda. Ita ce gaba, sai Piyer, sai ni, sai Shef, tsakanin kowa da kowa da 'yar tazara mai kyau.

Muka ɗaura wasu ƙarafa masu haƙora a ƙarƙashin takalma, muka shiga farin filin nan. Tsoro ya kama ni tun takun farko. Ba tsuntsu, ba ƙuda, ba abin da kake ji sai ƙarar takunka da bugun zuciyarka. Jifa-jifa ƙanƙarar kan yi wani nishi daga can ƙasa, ka ji shi a tafin ƙafa. Madam na tafe tana caka sanda kafin ta taka, mu kuma muna sa ƙafa daidai a sawunta. Duk addu'ar da na sani na karanta, har ta shiga kasuwa.

Da hantsi ya ɗaga ta tsayar da mu mu huta, kowa a inda yake, igiya a miƙe. Ta sake cewa a sha shayi. Ina cikin sha na ji 'yar ƙarar ƙarfe a bayana, igiyar da ke tsakanina da Shef ta yi sako-sako. Na ce a raina, to, dattijo ya kai maƙura, zai yi abin da aka ce. Ku kun sani, ɗan da aka yi wa tarbiyya ba ya waiwaya a irin wannan lokaci. Na kafa idona a kan wani tsauni, na ba shi baya.

Sai na ji wup, kamar an yar da buhun hatsi daga kan amalanke. Babu ihu, babu salati.

Na juya. Igiya na kwance a kan dusa, ƙugiya a bakinta, ba kowa. Sawun ƙafa ya bar hanyarmu ya nufi wani ɗan tudu da mutum zai iya fakewa a bayansa. Sawun bai kai tudun ba. Ya ƙare a bakin wani baƙin rami, 'yar gorar ruwan da zai yi tsarki da ita tana gefe.

Ban san na fara gudu ba sai da muryar Madam ta doke ni. "Kada ka motsa! Zauna!" Na zube a inda nake. Ita da Piyer suka haƙa dusa da sauri, suka binne gatarin hawan dutse a kwance, suka ɗaure igiya a jikinsa ya zama turke. Ta kira masu ceto ta rediyo. Suka ce gajimare ya riga ya cika kwari yana hauhawa, jirgi mai saukar ungulu ba zai iya tashi ba. Ta ja ciki zuwa bakin ramin ta yi ta kira da Faransanci, shiru. Sai ta waiwayo ta yafito ni.

"Zo da rub da ciki. Ka yi masa magana da yarenku."

Na sha leƙa rijiyoyin Mai Yara, waɗanda raƙumi ke tafiya mai nisa da igiya kafin guga ya fito. Amma rijiya mutum ne ya haƙa ta, an san tana da gindi. Wannan kuwa bangonta shuɗi ne a sama, ya koma baƙi, can ƙasa kuma ruwa na gudu a inda ido ba ya kaiwa. Wajen zurfin mutum huɗu ko biyar tsagar ta tsuke, a nan na hango hular kwanon Shef. Ya maƙale tsakanin bango biyu, jaka a bayansa, ƙirjinsa a matse, ƙafafunsa na reto a kan duhu.

"Shef! Shef Idi!"

Can na ji, "Na'am."

"Kana lahiya?"

"Lahiya lau."

Wallahi da yana kusa da sai na girgiza shi. Madam ta ce mini a kunne, a gaggauce, zafin jikinsa na narkar da ƙanƙarar da ta riƙe shi, a hankali zai riƙa zamewa ƙasa, in ya ƙara shiga matsi ba mai iya ciro shi. Ta ce sanyi kuma zai fara taɓa masa hankali, lokacinmu kaɗan ne. Ta zura igiya da ƙugiya har ta taɓa kafaɗarsa. Hannunsa na dama a sake yake, muna ganinsa. Abin da ya rage kawai ya kama ƙugiyar ya maƙala a zoben ɗamararsa.

Bai kama ba.

"Shef, ga igiya nan bisa kahwaɗarka. Ka kama."

"Ku dakata kaɗan, Sale."

"Mu dakata mi?"

Madam ta ce ba ta so ta sauka, don bakin ramin na iya ruftawa a kansa, kuma ni da Piyer ne za mu rage a sama da nauyin mutum biyu, amma in ya ƙi ba ta da zaɓi. Ta fara shiri. Shef ya ji maganarta daga ƙasa. Ya ɗaga murya a karon farko.

"Kada matar ga ta sauko! Sale, kada ka bari ta sauko!"

Ya yunƙura, kuma a kan idona hular kwanon ta nutsa kamar tsawon taki ɗaya. Ɓarɓashin ƙanƙara ya zube ƙarƙashinsa, ban ji saukarsa ba. Na hango kaina ina shiga gidansa a Dakoro da jakarsa a hannu, matarsa Hajiya tana tambayata ina mai jakar.

"Shef, don girman Allah, mi ne ne? Hannun ne ya karye?"

Da ƙyar muryar ta fito, haƙoransa na haɗuwa. "Kayana sun ɓaci, Sale. Ban kai ga tsugunnawa ba. Ku bari su ɗan bushe. In na hito hakanan, da wane ido zan dube ka a biro?"

Su bushe, a cikin ƙanƙara! A nan na gane sanyi ya fara cinye masa tunani, ya bar masa abu ɗaya tak, wanda uwarsa ta fara koya masa. Na yi tunanin in tuna masa 'ya'yansa. Na yi tunanin in ja masa aya a kan wanda ya jefa kansa ga halaka. Amma na san mutumin, wa'azi zai saurara da ladabi ya ce haka ne, yana ci gaba da nutsewa. Ban san daga ina maganar ta zo mini ba, na dai ji bakina yana faɗa.

"Haba Shef, kai ko rami ka hwaɗa, kana da hujja. Ni da ke sama lahiyata lau, tun da na ji ƙarar hwaɗuwarka na sake shi a wando. Har cikin takalmi. Ga ni kwance na kasa tashi gaban matar ga. Ka hito mu zama mu biyu, don Allah kada ka bar ni da kunyar ga ni kaɗai."

Allah ya taimake ni bai ce in rantse ba. Sai na ji wani sauti daga ramin, kamar kakarin mutuwa. Ashe dariya ce.

"Kai Sale, ragon banza," ya ce. Na ga hannun ya ɗago yana lalube, ya kuɓuce, ya sake lalubawa. Sannan na ji ƙarfe ya ce ƙyas.

Madam ta mayar da ni baya wurin ja. Ta riga ta harhaɗa igiyar ta wasu 'yan ƙarafa masu rage nauyi, muna ja tana ƙirga mana, mu tsaya, mu sake ja. Da farko ko motsi bai yi ba, har na ce ƙanƙara ta ƙi sakinsa. Sai ya yi ƙara, igiya ta taho. Da ya kusa baki ta bar mu ta koma ta taimaka masa ya haye, Piyer ya danne igiyar a turke. A lokacin ne na dubi wandona, ga shi a bushe ƙayau. In Shef ya fito ya ga haka, na ceci ransa na kashe shi a tsaye. Na buɗe tarmos na juye sauran shayin daga ƙugu har gwiwa. Piyer ya saki baki yana kallona kamar ya ga mahaukaci.

Shef ya fito fuskarsa kamar toka, kafaɗarsa ta hagu ta gurɗe. Bai dubi Madam ba, bai dubi sama ba, wandona ya fara duba. Ya gyaɗa kai, sannan ya yi hamdala. Ita kuwa Madam ko a jikinta, ta ciro wandon ajiya guda ɗaya da ke jakarta ta ba shi, muka juya baya ya canza, wannan karon a ɗaure. Da Piyer ya raɗa mata abin da na yi, ta zo ta tsaya gabana ranta a ɓace. "Ka san abin da ka yi wa ƙafafunka?" ta ce. Ta nannaɗe mini cinyoyi da wata leda mai ƙyalli, ta ce abin da ke gare ta ke nan.

Komawa baya ba ta yiwuwa, don rana ta tausasa murfin ramukan da muka tsallako da safe. Ɗakin kwana mafi kusa yana bayan mashigar, dole mu haura. Ta sa Shef daf da bayanta, sai ni, sai Piyer. Gajimare ya cim mana a gindin hawan, ban ƙara ganin komai ba sai jakar Shef. Hanyar ba ta fi faɗin tabarmar salla ba, dama dutse da sarƙa a kafe, hagu kuma babu komai. Iska na ture mu kamar da gayya.

Shayin da ya ƙona ni da farko ya daskare. Wandon ya sandare kamar busasshiyar fata, cinyoyina suka yi zugi, daga baya zugin ya ɗauke, wannan ne ya fi ba ni tsoro. Na koma ina aika ƙafa ban san inda ta sauka ba. Daf da ƙoli ƙafata ta hagu ta taka iska. Na tafi gaba ɗaya, na ga hazo a ƙarƙashina, na saki kalmar shahada da ƙarfi. Igiya ta fizge ni ta gaba da ta baya, na tsaya ina lilo a gefen dutse, har Piyer ya cafko ɗamarata ya dawo da ni kan hanya kamar ɗan akuya.

Ina durƙushe a wurin, Shef ya waiwayo da kafaɗarsa a ɗaure, ya ce da murya irin ta biro, "Ka riƙa kula da igiya, Sale." Na ce a zuci, yau kuma kai ne limamin igiya.

Mun isa ɗakin da rai. An gyara masa kafaɗa a asibitin garin da ke ƙasa, ni kuwa fatar cinyoyina ta saɓule, har yau in sanyi ya shigo ina jinsa a wurin. A rahoton da ya rubuta bai ɓoye ba, ya ce shi ya saɓa dokar jagora. Maganar wando kuwa ba wanda ya ƙara tayar da ita. Muka dawo Dakoro, yana ba ni umarni ina cewa to, shekara da shekaru, kowa na riƙe da asirin ɗan'uwansa. Ko in ce haka nake zato.

Rangadinsa na ƙarshe kafin ya ajiye aiki, Korahane muka je allurar shanu. Da aka tashi muka zauna gindin aduwa, wani makiyayi ya dafa mana shayi ya koma wurin garkensa. Shef ya miƙo mini kofi.

"Sha wanga. Kada ka zuba ma wando."

Na ɗago kai na dube shi.

"Sale, rayuwata duka cikin dabbobi na yi ta. Na san warin bawalin raƙumi, na san na bunsuru. Ban taɓa jin mai ƙanshin na'ana'a ba." Ya kurɓi nasa. "Cikin rami na yarda da kai. Da na hito hancina ya hwaɗa mini gaskiya. Na ga kana ɗingishi bisa dutsen ga saboda ni, na rasa bakin magana, har yau." Ya juyar da kai wajen shanu, ni ma na juyar, don ba na son ya ga idona. Can ya ce, "In na kau, ka ba yara labarin ga. Da sunana, kada ka sakaya."

Bara Allah ya yi masa rasuwa, Allah ya jiƙansa, shi ya sa yau bakina ya buɗe. Aikinmu ba na dabba kaɗai ba ne, dabba ba ta jin kunya, mai ita ke ji. Mutanenmu sun gwammace asara da tozarci, kuma ba mu ne za mu canza su da tsawa ba. Gobe in kun je allura za ku tarar da dattijon da ya ɓoye saniya mai ciwo bayan ruga, don kada a ce cuta daga garkensa ta fito. Za ku tambaye shi, zai ce lahiya lau. Kada ku tona shi gaban jama'a, kada ku karanta masa doka. Mutum ne a rami, igiya na kan kafaɗarsa. Ku ja shi gefe, ku nemi abin da za ku zuba wa naku wandon.